Ƙafar Bukar da Hannuna

Da daɗewa, tun ina da ƙarfin saɓa cinyar sa ni kaɗai, na taɓa jin wani direba a teburin mai shayi na bakin kasuwar shanu yana ba da labarin wani mutumin Gadaka. Wai ya dawo daga Kurmi, can kudu, lafiya lau, ya sauka daga mota, ya ɗauki buta zai yi alwala, sai ya kife. Wai jini ne ya daskare masa a ƙafa, gudan ya ɓalle ya hau ya toshe masa huhu. Na ajiye kofina na yi dariya. Na ce masa, "Direba, ka tsaya a kan sitiyarinka. Ni mahauci ne ɗan mahauci. Jini ba ya daskarewa sai ya fito ya kwanta a ƙasa. Wanda ke jikin mai rai gudu yake yi." Jama'a suka goya mini baya, don a maganar jini ba a cika ja da mahauci ba. Direban ya shanye shayinsa ya tafi, ban ƙara ganinsa ba. Da zan gan shi yau, da na miƙe tsaye na gaishe shi.

Sati uku ke nan, ranar wata Asabar da hantsi, ina zaune a rumfar nama inda 'ya'yana suka karɓe ni, sai ga Arɗo Buba da sandarsa. Arɗo tsohon makiyayi ne da ya zauna a gari, kuma bai taɓa isowa wuri bai fara da tsokana ba. Ran nan babu tsokana, ya tsaya a kaina har na ɗago kai. Ya ce, "Garba, Babarbarena ya riga mu." Shekara arba'in yana kiran aminina Alhaji Bukar bawansa, shi kuma Bukar yana ce masa Bafilatanin da ya ɓace a cikin gari. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na nemi takalmina na rasa, alhali yana ƙafata.

Waɗanda suka san Alhaji Bukar a shekarunsa na ƙarshe sun san wani dattijo ne mai tafiya a hankali, mai yanka magana gunduwa-gunduwa. Ina so su san ba haka Allah ya halicce shi ba. Iyayensa daga Barno suka zo Potiskum, a nan aka haife shi, a kasuwar shanu ya girma. Ranar Laraba, idan kasuwa ta cika ta batse, shanu na kuka, tireloli na hon, muryar Bukar ce kaɗai ke tsallake wannan hayaniya ta same ka a ɗaya gefen. Idan ya kira "Garba!" mutum huɗu ne ke waiwayowa, uku ba su ma san shi ba.

Abin da ya yi suna da shi shi ne kunne. Yakan dafa ƙugun saniya, ya kara kunnensa a haƙarƙarinta, ya rufe ido. Sai ya ɗago ya ce mini, "Kar ka taɓa wannan, huhunta ya gama." Sau da yawa na yi masa gardama na saya, in je mayanka in buɗe ƙirji in tarar da huhun ya manne da haƙarƙari, ya yi baƙi. Kuma abin da yake gaya mini a kan saniyar wani, shi yake gaya wa baƙo a kan tasa. Na ga ranar da wani mai saye daga kudu ya riƙe igiyar wani bijimi nasa yana murna, Bukar ya ce masa, "Wannan ba zai kai Lakwaja a tsaye ba, zaɓi wani." 'Yan uwansa fatake suka yi ta yi masa faɗa. Ya ce, "Ni zan dawo Laraba mai zuwa, shi ma zai dawo. Da wane ido zan dube shi?" Ba a loda shanunsa sai sun sha ruwa sun huta, ko da direba zai yi ta zage-zage har la'asar.

A ƙuruciyarsa a saman tirela yake tafiya Kurmi, kan katakon da ake gittawa bisa shanu, tare da masu rakiya. Aikinsu idan saniya ta faɗi su dira su tashe ta kafin sauran su tattake ta. Rana ta dake su, ruwa ya dake su, amma ba sa zama wuri ɗaya. Da Allah ya buɗa masa ya zama mai shanun kansa, sai aka ce girma ya kama shi, ya koma gaban mota. Mutum huɗu a kujerar mutum biyu, gwiwa a naɗe, jaka a kan cinya, kwana biyu ko uku. Ruwa ma ba a sha sosai, don kada a riƙa tsayar da direba. Daga baya yakan ce, "Ina sama da shanu lafiyata ƙalau. Da na zama Alhaji na zauna a inuwa, nan aka kama ni."

Yanzu na zo inda alƙalamin ke yi mini nauyi.

Mahaifina, ban da fawa, yana gyaran targaɗe, kuma na gaji hannunsa. Wanda ya yi shekaru yana raba gaɓa da gaɓa ya san inda kowace jijiya ta kwanta. A unguwarmu idan mutum ya gurɗe ko wuyansa ya ƙage, ni ake nema. Ba na karɓar komai, amma ina jin daɗin a ce hannun Garba yana da albarka. Wannan jin daɗin ma laifi ne da ban gane ba sai daga baya.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Bukar ya dawo daga wata tafiya da ta yi tsawo, don mota ta lalace musu a hanya suna ciki a takure. Kwana biyu da dawowarsa matarsa Ya Falmata ta aiko a kira ni. Na same shi a zaure ya miƙe ƙafar hagu. Sharaɓar ta kumbura ta yi tauri, tana sheƙi, da zafi kamar an ajiye ta kusa da murhu. Ta dama kuwa lafiyarta lau. Na ce, "Jijiya ce ta hau kan jijiya, zama ya yi maka yawa." Na sa aka kawo ruwan zafi da man shanu. Na gasa ƙafar, na shafa man, na bi ta da manyan yatsuna tun daga idon sawu ina turawa sama, kamar yadda mahaifina ya koya mini. Yana cije baki yana cewa, "Mahaucin banza, ka ɗauka ta sa ce?" Ina ce masa, "Ta sa ta fi wannan nama." Muka yi dariya. Na wanke hannu na tafi ina jin na yi aikin lada.

Ban kai ga sallar la'asar ba aka zo aka ce Bukar ya miƙe zai shiga gida ya dafe ƙirji ya zube. Na tarar da shi yana jan iska kamar wanda aka danna cikin ruwa, leɓɓansa sun sauya kala. Muka kai shi asibiti, daga nan aka tura mu babban asibiti a wani gari. Ina tsaye a bakin gadonsa, an rufe masa hanci da baki da robar iska, sai likitar, wata mace mai ƙaramin jiki, ta ɗaga zanen ta dubi ƙafar. Man shanun bai gama bushewa ba. Ta ce, "An yi wa ƙafar nan tausa?" Bukar ya janye robar da hannunsa, ya ce, "Ni na shafa da kaina." Ya mayar da robar. Bai dube ni ba. Ni kuwa na dubi ƙasa, na yi shiru. Shirun nan na riƙe shi shekara goma sha ɗaya.

Da ya fara samun kansa, likitar ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausarta ta Kano. Ta ce a cikin jini akwai wasu sinadarai, furotin ake ce musu, aikinsu idan an ji rauni su saƙa zare kamar raga su toshe wurin. Akwai kuma wasu da aikinsu su riƙe waɗancan kada su yi saƙa inda ba a yanke ba, su kuma warware wadda ta gama amfani. Ta ce awon da aka yi ya nuna a jinin Bukar masu riƙewar sun yi ƙaranci, kuma irin wannan yakan bi gida, daga uba zuwa ɗa. Mai irin wannan jini idan ya daɗe a naɗe ba motsi, sai saƙar ta kama a cikin jijiyar ƙafa. Gudan na iya ɓallewa da kansa ko ba a taɓa ba, amma ƙafa ɗaya da ta kumbura haka bayan doguwar tafiya ba a murza ta, asibiti ake kai ta.

Ni na san zaren da take nufi. A mayanka akwai masu tara jini su dafa su shanya don abincin kaji, kuma idan suka juya shi da kara yana da ɗumi, wani farin zare yakan nannaɗe karan. Tun ina yaro nake ganinsa. Duk da haka da muka fito na ce wa Bukar, "Su dai likitoci ba sa rasa abin faɗa." Ya yi murmushi. Ban yarda ba, don idan na yarda sai na dubi hannuna.

Bukar ya tashi, amma numfashinsa bai dawo duka ba. Aka ce gudan bai narke gaba ɗaya ba, ragowarsa ta zama kamar tabo a cikin hanyoyin jini na huhu, zuciya kuma tana ta turawa ta ƙunci. Shekara ta farko ya yi ta cewa gajiya ce. Ta uku ya daina zuwa Kurmi, ya miƙa wa babban ɗansa Modu, wanda a lokacin ya riga ya yi aure. Ta shida ya daina shiga tsakiyar kasuwa, sai dai a ajiye masa benci a bakin ƙofa. Har a lokacin ana kawo masa saniya ya kara kunne. Wata rana ya daɗe a jikin wata karsana, ya ɗago ya ce, "Ban san ko nata nake ji ko nawa ba." Daga ranar bai sake ba.

Tsakanin gidansa da masallaci taku kaɗan ne, amma ya yi wa hanyar zango uku: dakalin tela, gindin darbejiya, da wani dutse a kusurwar masallacin. Yakan fita tun kafin a kira salla don kada a jira shi. Bai taɓa yarda a ɗauke shi a babur ba sai a shekarar ƙarshe. Maganin tsinka jini da aka ɗora shi a kai bai taɓa tsallakewa ba, kuma duk wata sai ya je an ɗebi jininsa an auna. Saboda maganin ya rabu da ƙaho, ya rabu da askar wanzami, don ɗan ƙwarzane sai ya yi ta zuba. Arɗo yakan ce, "Bawana ya zama ɗan gayu, da inji ake masa aski." Bukar ya ja iska, ya ce, "Bari... in gama numfashi... in zage ka." Arɗo ya zauna ya jira. Wani lokaci har a yi sallama zagin bai iso ba.

Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ne na ga yana cin ransa, shi ne Modu. Likita ta ce a kawo 'ya'yansa a auna jininsu. 'Ya'yansa mata biyu suka je, aka sami ɗaya da irin jininsa, ana kula da ita duk lokacin da take da ciki. Modu ya ƙi. Ya ce shi ƙato ne, bai taɓa kwana a asibiti ba, ba zai je a nemo masa ciwon da bai neme shi ba. Kuma a gaban mota yake tafiya, kamar ubansa. A gabana Bukar ya ce masa, "In kun tsaya shan mai... ka sauka ka zaga motar... ka sha ruwa." Modu ya ce, "To, Baba," irin to ɗin da ake ce wa tsofaffi. Ya juyo ya ce, "Baba Garba, kai ma ka yarda da wannan magana?" Na ce, "Allah dai ya tsare." Bukar ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

Na ziyarce shi ranar Larabar da ta zama ta ƙarshe gare shi. Ƙafafunsa duka sun kumbura, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Mun yi magana kaɗan, kuma zan faɗe ta a inda ya dace. Ranar Asabar Ya Falmata ta kawo masa kunu bayan ya idar da walaha a zaune, ya karɓa ya riƙe, bai kai baki ba.

An yi jana'iza bayan azahar, Modu yana Kurmi. Ya sauka da shanu ke nan labari ya same shi, bai ko huta ba ya faɗa wata motar ya juyo. Kusan kwana huɗu ke nan a naɗe, zuwa da dawowa. Ya iso ranar addu'ar uku, ya zauna a tabarma yana karɓar gaisuwa, kwana biyu ba ya tashi sai salla. Rana ta biyar na ga ya miƙe yana ɗingishi. Arɗo ma ya gani. Ya ce, "Kai ɗan bawana, me ya sami ƙafar?" Modu ya ɗage wando. Ta hagu ce. Ta yi tauri tana sheƙi.

Arɗo ya ce, "Gajiyar mota ce. Ga Garba nan, a kawo ruwan zafi da man shanu." Dattawan da ke wurin suka ce haka ne, hannun Garba ai sananne ne. Har an shiga gida an faɗa. Modu ya matso ya miƙe ƙafar a gabana, a cikin zauren nan, kusan a daidai wurin da ubansa ya miƙe tasa.

Na tura hannuwana cikin aljihun riga. Na ce, "Ba zan taɓa ba."

Kowa ya juyo ya dube ni. Arɗo ya ce, "Garba, ɗan amininka ne fa."

Na ce, "Shi ya sa. Ku saurara, jama'a. Ƙafar Bukar da ta kai shi asibiti, ba shi ya shafa ta ba. Ni ne. Ni na murza ta da hannun nan, kafin la'asar ya faɗi. Ya rufa mini asiri a gaban likita, ni kuma na bar shi da ƙaryar har ya shiga kabari. Ban san ko hannuna ne ya tura gudan ba, Allah ne ya sani. Amma ba zan sake ba. Modu, tashi mu tafi asibiti."

Modu ya ce, "Baba Garba, ana zaman makoki zan tafi asibiti saboda kumburi? Gobe na je."

Sai muka ji murya daga bayan labulen ƙofar cikin gida. Ya Falmata ce, tana takaba, ba ta fito ba. Ta ce, "Modu, ni na dafa ruwan wancan karon. Yau ban ɗora ba. Ka bi babanka." Ashe ita ma shekara goma sha ɗaya tana riƙe da nata shirun.

Ban bar shi ya taka ba, mota aka kawo har ƙofa. Aka yi hoton ƙafar, aka ga gudan kwance a cikin jijiya, bai tashi ba. Aka fara yi masa allura a fatar ciki, aka kwantar da shi kwanaki. Yanzu yana gida yana shan irin maganin ubansa, ana jiran lokacin da za a yi masa awon da ya ƙi. Ko zai koma Kurmi, ko ba zai koma ba, ban sani ba. Jiya dai na gan shi ya tafi masallaci a miƙe, bai tsaya a dakalin tela ba, bai tsaya a gindin darbejiya ba. Na zauna a kan dutsen Bukar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Bukar. Ka yalwata masa kabarinsa fiye da yadda ƙirjinsa ya ƙuntata a duniya. Ka sa kowane numfashi da ya ja da wahala ya zama kankarar zunubi. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Ka ba Ya Falmata haƙuri, ka raya Modu da 'yan uwansa da 'ya'yansu, ka tsare su daga abin da ke cikin jininsu. Ni kuma ka yafe mini abin da hannuna ya yi da abin da bakina ya ƙi faɗa, ka kyautata namu ƙarshen. Amin.

A asibiti, wani matashin likita ya ga tsoho, ya jawo kujera zai yi mini bayanin yadda jini ke daskarewa a jikin mai rai. Na ce ya huta, an riga an gaya mini. Direba ya gaya mini na yi dariya. Likita ta gaya mini na kau da kai. Ranar Larabar nan ta ƙarshe, ina shirin tashi, aka riƙo mini hannun dama, aka juya tafin ana dubawa. Aka ce, "Garba... maganar nan gaskiya ce. Ban ce kai ne ba... ban taɓa cewa ba. Amma in Modu ya kawo maka ƙafa... ka sa wannan a aljihu."

Wanda ya gaya mini a ƙarshe shi ne Bukar.